Allon kayan aikin Yaya Bitrus

Shekara bakwai ke nan da muka binne yayana Bitrus a nan ƙasar waje, a garin Greensboro, kuma har yau ban cika masa wasiyyarsa ba. Kada a ce lalaci ne, wanda zan miƙa wa amanar ne na rasa.

Yaya yana cikin samarin da gwamnati ta ɗauka can gida lokacin da ta kafa masana'antar ƙera wa soja jiragen sama. Aka tura su waje koyo, suka dawo suka harhaɗa 'yan ƙananan jirage na horar da matuƙa. Ranar da na farko ya tashi, Yaya ya dawo gida murya a dishe don ihu. Daga nan sai aka fara: yau a canja shugaba, gobe kayan aiki su daina zuwa, jibi a kafa kwamiti. Da ya gaji da zaman kashe wando, ya tattara ya zo nan yana gyaran jiragen wasu.

Abu ɗaya ya taho da shi daga can, wato ƙa'idar allo. Kowace sifana, kowace filaya, an zana siffarta da jan fenti inda ake rataye ta, kuma ba mai tashi aiki sai kowane zane ya rufe, domin sifana ɗaya da aka manta a cikin inji ta isa ta kashe matuƙi. Haka ya yi a garejin gidansa a McLeansville, bayan gari. Na taɓa aron filaya na manta da ita, sai ga mutumin nan har gidana a Pleasant Garden yana buga mini ƙofa. Na ce haba Yaya, filaya fa! Ya ce, "Dauda, zanen yana can yana kallona."

Kayan nan ɗaya bayan ɗaya ya saye su, duk don gida. A gadon asibiti ya riƙe hannuna ya ce, "In sun farfaɗo da wurin, ka kai musu."

Bara na je gida na ga masana'antar da idona. Ciyawa har ƙugu, jirgi ɗaya ba inji, zanzaro ya yi gida a fiffikensa. Allon yana nan a bango, jajayen zane reras, ko ƙusa ba a rataye ba. Na gaya wa tsohon maigadin abin da ke tafe da ni. Ya yi dariya ya ce, "Malam, kawo su mana. Kafin Juma'a suna kasuwa."

Me Yaya zai ce da ya ga haka? Abin da ke ci mini rai shi ne na san amsar. Duk lokacin da aka yi shelar za a tayar da wurin, shi ne zai fara kirana yana murna. Ni kam na daina yarda, kuma ina jin kunyarsa a kan haka.

Yanzu matarsa, Anti Rifkatu, ta sayar da gidan za ta koma wurin 'yarta. Ta ce, "Dauda, kai ya bar wa, zo ka kwashe." Ranar Asabar na sauke su ɗaya ɗaya na zuba a bayan mota. Har yau suna can, suna ƙara duk inda na taka birki.

Da na juya zan rufe garejin, sai na ga allonsa ya koma sak wanda na gani bara. Shi ke nan abin da ya rage na Yaya: allo biyu, dukansu wayam, na biyun kuma ni na kwashe shi da hannuna.