Abdulwahidu da Baƙar Kwat

Duk Bahaushen da ya zauna a unguwar Taman Melati ta Kuala Lumpur ya san Abdulwahidu, ko bai so ba. Shi ne dogon nan mai ɗan tumbi da za ka gani a tashar jirgin ƙasa ya tsare wani bawan Allah da bayanin fim, mutum na kallon jirginsa yana wucewa, kunya ta hana shi tafiya. Ƙofarmu na kallon tasu, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

Malamin Turanci ne a wata sakandare a Kano. Matarsa Hadiyya ce gwamnati ta ɗauki nauyinta ta zo Kuala Lumpur yin digiri na uku, shi kuwa ya biyo ta da ɗansu Haidar, yana gaya wa mutane shi ma karatu ya kawo shi. Har suka shekara huɗu ban ga ranar da ya rataya jaka ya nufi makaranta ba. Karatunsa ɗaya ne, tsofaffin fina-finan Ingila waɗanda aka ciro daga wasannin dandamalinsu na da can. Maza da gashin aro da ɗamammen wando, a soki mutum da takobi ya ƙi faɗuwa sai ya gama jawabi. Ya ce tun yana ɗan sakandare wani malami ya kunna musu ɗaya a kaset, daga ranar ya gane ba a ƙasar da ta dace aka haife shi ba. Ni ma na yarda, don mu ne muka sha wahalar kuskuren.

Wasa ɗaya sai a yi fim ɗinsa sau uku, shi kuma ya zauna yana musu alƙalanci: na baƙi-da-fari sun fi iya mutuwa, na kala ya fi kyan fada, na baya-bayan nan ɓata lokaci ne. Ran Asabar yakan gayyaci maza kallo. Suna zuwa kam, saboda Hadiyya ta iya waina da miyar taushe, abin da ba ka samu a mamak, shagon abincin 'yan garin da ke ƙasan bene. Maigidana, Baban Khalifa, ya ce ba a ɗan jima ana kallo sai ya tsayar da fim ya miƙe, hannu a ƙirji, ya maimaita abin da kowa ya riga ya ji. Da waina ta ƙare sai kowa ya tuna yana da aiki.

Wanda ya fi burge shi a duk fina-finan nan shi ne ɗan aike, mai shigowa fada sanye da baƙaƙen kaya ya sanar cewa wane ya mutu.

"Mu Hausawa ba mu iya baƙin ciki ba," in ji shi. "A ce maka wane ya rasu, sai haƙuri. Finish! Ina art ɗin yake? Dubi yadda mutumin nan ya ja matar da ya kawo wa labarin, ya ja ta, sannan ya sake ta."

Yana wannan alƙalanci, Hadiyya na girki, tana kai Haidar makaranta, tana bin bas zuwa jami'arta a Jalan Semarak, ta dawo ta hau rubutu. Mahaifiyarta, Inna, ita kaɗai ta rene su bayan rasuwar babansu, kuma duk wayar da suka yi tambayarta ɗaya ce: yaushe za ki gama? A ƙarshe aka sa mata ranar viva, wato ranar da za ta tsaya gaban malamai ta kare kundinta. Ɗaya daga cikinsu daga wata ƙasa aka gayyato shi. Tallafinta ya zo ƙarshe, bizarta ma haka. In ranar nan ta kuɓuce, sai Allah.

Ana gobe viva, da azahar, yayanta Usaini ya kira Abdulwahidu daga Kano. Inna ta rasu bayan asuba.

A nan muna da yadda muke yi. Kafin mutum ya sami tikiti an riga an binne, saboda haka ba abin yi wa gaggawa. In mai jarrabawa ne, a rufe bakin kowa har ya fito. Sannan dattijo ya zo da mata biyu ko uku, a bari ya ci abinci ya yi salla, a fara da cewa jiki ya yi tsanani, a bi da shi a hankali har ya gane da kansa. Haka aka shirya. Baban Khalifa ya sanar da ni, na haɗiye kukana na shiga wurinta, na karɓe wayarta da sunan kada ta ɗauke mata hankali, don kada ta ga hoton Inna a shafin wani. Na zauna ina goge mata kayan da za ta sa, ita tana maimaita bayaninta ina gyaɗa kai kamar na gane.

Bayan la'asar ƙofar ɗaki ta buɗe. Abdulwahidu ne, cikin baƙar kwat, a zafin garin nan da ko a zaune kake gumi na bin bayanka. Ya kashe fanka don a ji muryarsa. Da na ga ya ɗora hannu a ƙirji, na gane abin da zai yi.

"Baban Haidar," na ce, "maigidana na nemanka yanzu-yanzu."

Ko kallona bai yi ba.

"Madam," ya ce da matarsa, "ki shirya zuciyarki. I bring heavy news daga gida."

Ya fara. Ya yi maganar bishiya mai inuwa, ya yi maganar fitilar da mai ya ƙare mata, rabi Hausa rabi Turanci, yana taku daga taga zuwa ƙofa. Hadiyya na riƙe da takardunta tana binsa da ido. Na ga lokacin da ta gane, tun bai kai rabi ba, takardun suka zube. Shi kuwa bai tsaya ba, don bai zo wurin da ya fi so ba. Sai da ya kai ƙarshe ya sunkuyar da kai, sannan ya ɗago yana leƙen fuskarta, wallahi kamar mai jiran tafi.

Ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ta tashi ta shiga banɗaki ta yi alwala. Ban taɓa jin na tsani mutum kamar ranar ba.

Da safe ta ce za ta je. Na raka ta, na zauna a waje. An ce ta tsaya, aka yi mata tambayar farko, baki ya ƙi buɗuwa, sai hawaye. Malaman suka tausaya, suka ɗage zaman. Baƙon ya hau jirginsa ya koma.

A zaman makoki Abdulwahidu ne a tsakiyar maza, yana ba su labarin yadda ya isar da saƙon. Har ya fara miƙewa zai nuna, wani dattijo ya ce da salon maganar 'yan garin, "Malam, zauna lah, a yi wa mamaciya addu'a." Daga baya ya yi wa Baban Khalifa ƙorafi wai Hadiyya ba ta nuna komai ba, ko suma ba ta yi ba.

Ran uku ta iya magana da Usaini. Ina gefenta, ta buɗe muryar wayar.

"Malam ya ba ki saƙon Inna?" in ji shi.

"Wane saƙo, Yaya?"

Ya ce, "Ita da kanta ta faɗa, hankalinta garau. Ta ce a gaya wa mijinki ta ba shi amana, kada ki ji sai kin fito daga jarrabawa. Ta ce ki tsaya ki gama abin da kika je yi, ta yafe miki."

Hadiyya ta ajiye wayar. Abdulwahidu na falo, gaban talabijin, ya rage sauti saboda makoki.

"Baban Haidar, Inna ta bar saƙo?"

"Oh, yes, Usaini ya faɗa," ya ce, idonsa na kan fim. "Na yi tunanin sa shi a ƙarshe. Amma kin ga, da ya rage wa maganar ƙarfi."

Har yau ba a sa mata sabuwar rana ba. Ran Asabar ba ta ƙara kunna wutar waina ba, mazan ma ba su ƙara zuwa ba. Ta bango nakan ji fim ya tsaya, sai muryarsa ta tashi, yana maimaita wa kujeru.