Ƙafar Hagun Baba

Ina aji huɗu a sakandare ɓarin jikin Baba ya shanye. A tsakiyar shekarun tamanin ne, muna zaune a Ketaren Gwari cikin wani gidan haya mai bishiyar gwaiba a tsakar gida. Baba malamin gona ne, rabin rayuwarsa a kan keke ya yi ta, yana bin ƙauyukan kewayen Minna. Wata safiya ya sunkuya zai ɗaure takalmi, bai ɗago daidai ba. Likita ya ce hawan jini ne. Bayan wasu watanni bakinsa ya koma daidai, hannun ma ya saki sai ɗan nauyi, amma ƙafar hagu ta ƙi. In zai yi tafiya sai ya jefa ta gefe ya jawo ta, takalmin yana sharar ƙasa.

Labari kuwa ba ya jiran mota. Kafin mu aika ya riga ya isa ƙauyenmu, can bayan Pandogari, kuma ya isa da ƙari. Wani ɗan garinmu mai kawo doya kasuwa ya zo dubiya, ya zauna yana ta satar kallon Baba, daga baya ya faɗa wa Mama cewa a gida an ce Baba a kwance yake, sai an juya shi, sai an ba shi abinci a baki. Kaka, mahaifiyar Baba, ta janye daga abinci tun ranar da ta ji. Tsufa ya hana ta shiga mota, kuma duk saƙon da muka aika cewa ya samu sauƙi sai ta ce lallashinta ake yi. Ta ce in da gaske ne, ya zo yadda ya saba zuwa. Mutumin ya ce ta rame ƙwarai, matan gidan sun yi roƙon duniya ta ƙi.

Yadda ya saba zuwa kuwa a keke ne, tun yana saurayi. Mama ta ce a shiga mota a huta. Baba ya ce motar da ke shiga ƙauyenmu akori-kura ce, sai ƙarti biyu sun sauko da shi kamar buhun dawa a gaban jama'a, shi ke nan tsohuwa ta ga abin da take tsoro da idonta. Ya daɗe yana kallon kekensa da ke jingine a jikin gwaiba, sannan ya ce, "A kan keke babu gurgu."

Ni na ɗauka surutun mara lafiya ne. Amma Yaya, babban wanmu, wanda ke koyon kanikanci a lokacin, ya ɗauki maganar da gaske. Ya yanko tsohuwar robar taya ya ɗaure ƙafar hagun a jikin feda, don ta dama ta riƙa turawa ta hagu tana bi. Hawa ne aiki. Sai Yaya ya karkato keken ya ɗaga masa ƙafar ta tsallake sandar tsakiya, Mama ta riƙe kariyar ɗaukar kaya ta baya, a tura shi a guje har ya samu daidaito. Da ya tafi kuwa, sai ka rantse lafiyarsa ƙalau, bayan nan a miƙe, hula a karkace. Muka riƙa fita da shi hanyar Tagwai da sassafe, yau ya kai nan, gobe ya wuce. Ya faɗi ba adadi. In ya faɗi ba ya son sannu, sai dai ya miƙo hannu a ɗaga shi.

Aka tsara komai a tsakar gida. Mu huɗu za mu je, Baba da Mama da Yaya da ni. Mama tana da nata keken mata tun zamanin da take koyarwa a firamare, ni kuma aka aro mini na wani tela maƙwabcinmu, wanda ya ba da shi yana ta dariya yana cewa Allah ya kai mu lafiya, amma a dawo masa da ƙararrawarsa. In mun isa, Yaya zai riga mu zuwa ƙofar Kaka, inda akwai dakali. Baba zai tuƙo har gaban dakalin, Yaya ya cafke keken kamar mai murnar tarbar uba, Baba ya zame ya zauna. Kaka za ta ga ɗanta ya zo daga Minna da ƙarfinsa, ta ci abinci, sauran bayani kuma sai a yi shi a hankali daga baya.

Da aka ba mu hutu, damina ta fara ja da baya, muka ɗaure ƙunshin kaya da gorunan ruwa da famfo da kayan faci muka kama hanyar Zungeru. Dawa ta yi kai a gonaki, ciyawa ta fi mutum tsawo a bakin titi, rana kuma tun hantsi take dukan ƙeya. Da farko daɗi nake ji. Ban taɓa yin nisa da gida da ƙarfin ƙafata ba, ga yara suna bin mu da ihu a duk ƙauyen da muka ratsa, don ganin mace babba da budurwa a kan keke.

Abin da babu wanda ya tuna da shi a tsakar gida shi ne halin Baba. A tarbiyyar da aka yi masa, ba a wuce dattawa a kan keke. Ka sauka, ka gaishe su, ka tura keken har ka gota su, sannan ka hau. Haka ya yi duk shekarun aikinsa, kuma a hanyar nan kusan kowane gindin bishiya akwai tsohon da ya taɓa ba shi ruwa. Muna cikin tafiya sai ka ji ya danna ƙararrawa, alamar Yaya ya zo ya riƙe. A kwance roba, a sauko da ƙafa, a yi gaisuwa, a tambayi gona da iyali da ruwan bana, sannan a sake ɗaura shi a tura. Su tsofaffin da kansu suna ce masa ya yi zamansa a kai, ai lalura ce, amma kamar da dutse suke magana.

Ni dai raina ya ɓaci, kuma ban iya ɓoye ɓacin rai ba, har yau. Cinyoyina suna zafi, sirdin tela ya gama da ni, ga tafiyar da za a yi kafin rana ta take sai a kai la'asar ana yi. Na ce wa Mama, da ƙarfi yadda zai ji, in haka za a yi ta yi sai Kaka ta mutu da yunwa muna gaishe-gaishe a hanya. Mama ta harare ni. Baba bai juyo ba, ya ce wanda ya gaji ga hanyar Minna nan, bai rufe ta ba. Na ƙudura a raina ko zan rarrafa sai na kai, ko don kada ya ce 'yarsa ta kasa.

A Zungeru muka yada zango a gidan wani fasto da ya san Baba, Mama ta gasa masa ƙafar da ruwan zafi. Washegari muka haye tsohuwar gadar nan mai ƙunci, kogin Kaduna a cike yana ruri a ƙasa, ni ko kallon gefe ban yarda na yi ba. Gaba kaɗan, a wata gangara, Baba ya hango tsofaffi a gindin mangwaro. Yaya ya tsaya a baya yana ba tayata iska. Baba ya danna ƙararrawa, ya kama birki bisa sabo, babu kowa kusa da shi. Keken ya kwanta ta hagu da ƙafar a ɗaure. Gwiwarsa ta ɗaye, gwiwar hannu ma haka, kuma a kwancen nan cikin tsakuwa ya fara cewa, "Sannunku da hutawa."

Bayan an wanke ciwon Mama ta ce ya karɓi nata keken, tunda ba shi da sandar tsakiya, zai iya zamowa gaba ya dafa ƙasa da ƙafar dama ba sai an riƙe shi ba. Baba ya ce shi da girmansa ba zai shiga garin ubansa a keken mata ba. Mama ta miƙe. Ta buɗe ƙunshinsa ta zaro wandonsa na coci, ta zaga bayan wani rumbu, ta fito sanye da shi a ƙarƙashin zaninta da ta naɗe a ƙugu. Ta ɗaga kekensa ta haye, ta ce, "Malam, sai ka iso," ta yi gaba abinta. Tsofaffin nan suka yi ta dariya har da tari. Baba ya bi ta da kallo har ta sha kwana, sannan ya ce wa Yaya ya mayar da robar kan ɗaya keken, amma ya sassauta ta yadda zai iya zare ƙafar da hannunsa.

Daga nan tafiya ta miƙe. Ya koyi sauka shi kaɗai: birki, ya zamo gaba, dama a ƙasa, ya sunkuya ya ciro hagun da hannu. Gaisuwar ba ta ragu ba, sai dai ta daina cin mutum uku. Muka wuce Tegina, ruwa ya tare mu a wata rumfar masu gasa masara kafin Kagara, muka ci muka bushe muka ci gaba. A hawan tudu nakan ji numfashinsa daga nesa, rigar ta manne masa a baya, jijiyar wuyansa ta tashi. Sau da yawa na ce yanzu zai ce a tsaya. Bai taɓa cewa ba. A nan fushina ya fara komawa tsoro, don na ga ƙafar dama ma ta soma rawa in ya sauka.

Ranar da za mu shiga gari, da muka bar kwalta muka kama jar hanya, na matso kusa da shi na tuna masa shirin da aka yi. A bakin ƙauyenmu akwai wata ɗorawa inda dattawa ke zama, daga nan kuma fili ne fetal, inda ake sussuka, har ƙofar Kaka. Na roƙe shi, na ce yau ɗaya dai ya ɗaga musu hannu ya wuce, ya dawo ya gaishe su daga baya, duk wahalar nan don wannan filin muka sha ta. Ya ce, "Mu je dai." Yaya ya taka ya yi gaba don ya jira a dakali.

Yara sun riga sun kai labari. Da muka ɓullo, mata sun firfito ƙofar gidaje, ga tsofaffi a gindin ɗorawa, sa'o'in mahaifinsa da suka rage, waɗanda suka haƙa wa tsohon kabari. Can ƙarshen fili na hango Kaka a tsaye da sanda, zani ya yi mata yawa. Baba yana gabana, bayansa a miƙe, yana tafiya sumul, kowa na gani. Na ce a raina, Allah, ka sa ya wuce. Sai na ji ƙarar birki.

Ya zamo gaba, ya dafa ƙasa, ya sunkuya ya ciro ƙafar da hannu a gaban kowa. Ya cire hula ya rusuna iyakar yadda jikin ya yarda, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya kama kan keken ya fara turawa. Ya jefa ƙafar gefe, ya jawo ta. Filin ya yi tsit, ba ka jin komai sai takalmin nan yana sharar ƙasa. Wata mata ta ɗora hannu a ka. Ni kuwa kuka ya ƙwace mini, na haushi da na tausayi a haɗe, na ji kamar in jefar da keken tela in ruga in tare shi kada a gani.

Yaya ya zabura daga dakali zai taho ya kama shi. Kaka ta gitta masa sandarta a ƙirji. Ta bar yaren garin ta yi magana da Hausarta ta ƙauye, don mu 'yan birni mu ji.

"Bari shi. Yana zuwa."

Ba ta matsa ko taku ɗaya ba, ba ta kuma ɗauke ido daga kansa ba. Mama ta sauka, ni ma na sauka, muka biyo shi a baya muna tura namu a hankali. Filin da yaro ke ƙetarewa da gudu kafin ka ƙifta ido, ranar ya yi mini tsawon hanyar Minna. Sau ɗaya ya tsaya ya jingina da keken yana haki, ya share fuska da hula, ya ci gaba.

Da ya iso ya ba Yaya keken, ya tsaya a gabanta a kan ƙafafunsa. Kaka ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta sunkuya da ƙyar ta taɓa gwiwar da ta ɗaye, ta shafa ƙaurin har idon sawu.

"Da wannan ka zo daga Minna?"

"Da ita, Iya."

Ta jinjina kai, ta ɗan bubbuga ƙafar kamar yadda ake yi wa yaron da ya yi abin kirki. Sannan ta zauna a dakalin, ta jawo hannunsa ya zauna kusa da ita, ta juya ta ce wa matan gidan me suke tsaye suna kallo, a kawo tuwo, ita da ɗanta yunwa suke ji.

Aka kawo tuwon dawa da miyar kuɓewa a kwano ɗaya. Ni ma an ajiye mini nawa, amma ban taɓa shi ba sai da ya huce. Ina zaune a ƙasa ina kallon hannun Kaka yana zuwa kwano yana komawa baki.