Ranar da Hannun Malam Sada Ya Ƙi

Duk mai bin titin Ƙofar Marusa da hantsi ya san shagon, ko da bai taɓa shiga ba. Ɗan ƙarami ne, a matse tsakanin teburin Ɗanjuma mai shayi da rumfar mai takalman roba. Malam Sada kan taso daga Ƙofar Durbi a ƙafa, ya bi maƙwabta da gaisuwa, ya tambayi kwanan iyali da gajiyar jiya, sannan ya buɗe ƙofa. Ya share, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya jera ƙananan sukudirebobinsa. Sai ya jawo kwamfutar da ta kwana a hannunsa, ya kunna ta, ya naɗe hannu yana kallonta.

Wanda bai sani ba sai ya ɗauka zaman banza yake. Alhali wannan zaman shi ne rabin aikinsa. Malam Sada ya yi suna ne a kan wata irin cuta da masu gyara ba su so: kwamfutar tafi-da-gidanka da ba ta mutu ba, kuma ba ta da lafiya. Mutum na tsakiyar rubutu sai ta sandare, ko kuma allonta ya yi baƙi ƙirin alhali ana jin fanka na juyawa a ciki. Abin haushin, da zarar an kawo ta gaban mai gyara sai ta yi lafiya lau kamar ba ita ba.

Shi ba ya gardama da mai kaya. Tambaya yake yi. Tana yi ne idan caja na jiki ko idan an cire? A kan katifa ake ɗora ta? Idan an motsa murfin fa? Daga nan sai ya bi ta a hankali, ya taɓa abu ɗaya ya jira ya gani. Ya share dattin da ya toshe fanka. Ya zare ram, ɗan katin ƙwaƙwalwarta, ya goge bakinsa, ya mayar. Ya haɗa ta da wani allo, don ya gane ko fuskar ce ta lalace ko cikin.

"Na sha kai mashi shayi ya huce a gabanshi," in ji Ɗanjuma. "In ce, Malam, mi kake jira? Ya ce, jira nike ta yi abin da ta saba yi ma mai ita."

Ɗalibai da yawa sun gama karatu da rubutun da ya ceto masu. Kuma a duk tsawon shekarun nan, ba a taɓa jin hoton matar wani ko sirrin wani ya fita daga shagon nan ba.

A daminar bara hannunsa na dama ya fara rawa. Da farko ɗan kaɗan ne, sai idan ya ɗauki kofi. Daga baya ƙananan kusoshi suka fara suɓuce masa suna faɗawa ƙarƙashin tebur. A asibiti aka ce masa ciwo ne na jijiya, magani na iya rage masa gudu amma ba ya tsayar da shi. Ya dawo shago bai gaya wa kowa ba. Ya daina karɓar aikin liƙi da dalma, ya ci gaba da abin da hannun ke iyawa.

Ana cikin haka Rashida ta zo, tare da yayanta Bashir. Ta rungume kwamfuta a cikin hijabi kamar mai ɗauke da jariri. Bayan an gaisa, Bashir ne ya yi bayani. Kwamfutar ta mijinta ce, Mudassir, malamin gona da ke zagaya ƙauyukan Batagarawa. 'Yan bindiga suka tare shi a hanya wata rana yana dawowa daga wurin manoma, gawarsa aka kawo gida. Ya bar 'ya ɗaya, Sumayya, tana nono a lokacin. Wayarsa ta tafi tare da waɗanda suka kashe shi. Duk abin da ya rage na fuskarsa da muryarsa yana cikin wannan kwamfuta.

"Baba, yarinyar ta fara magana," in ji Rashida, kanta a ƙasa. "Kullum bayan la'asar sai ta ja ni ta ce a kunna mata Abba. Akwai bidiyon da ya ɗauke ta shina yi mata waƙa. Yanzu muna cikin kallo sai ya tsaya cak, sai allon ya mutu. Jiya ta yi ta bugun shi da hannu tana kuka."

"Kun kai ta wani wuri?"

"Mun kai," in ji Bashir. "An ce sai an yi mata fomat."

"Wato a wanke duk abin da ke ciki," in ji Malam Sada. Ya dubi Rashida. "Allah Ya jiƙan shi, ɗiyata. Ki bar mani ita. Ban yi maki alkawari ba, amma ba mai goge komai."

Ya bi ta yadda ya saba. Ya busa fanka ya share, ta sake sandarewa. Ya canza ram, ta sake. Ya haɗa ta da wani allo, shi ma ya ɗauke tare da nata, ya tabbata laifin ba na fuska ba ne. A karo na gaba ya roƙi Ɗanjuma ya kashe rediyonsa, ya kwantar da kunne a jikin kwamfutar. Can ciki ya ji wata 'yar ƙara, ƙas, ƙas, daidai lokacin da ta tsaya. Ya yi maza ya kashe ta. Rumbun ajiyarta ne ke mutuwa, inda hotunan da bidiyon suke. Duk kunnawar da aka yi mata a gida, har da wadda shi ya yi a shago, tana cin sauran ransa ne.

Mafita ɗaya ce: a ciro rumbun, a haɗa shi da wata kwamfutar, a kwashe abin da za a iya kafin ya cika. Amma a irin wannan samfurin rumbun yana can ƙarƙashin madannai, kuma kafin a kai gare shi sai an ɗaga wata waya mai laushi kamar ɓawon albasa. Aikin da a da yake yi yana hira ne. Ya ɗauki sukudireba, ya kai bakinsa kan kusa ta farko. Ƙarfen ya yi ta karkarwa yana ƙwanƙwasar roba. Ya riƙe wuyan hannun da hannun hagu, bai daina ba. Ya ajiye, ya yi alwala, ya yi azahar, ya dawo ya sake gwadawa. Hannun ya ƙi.

Da ya ga dama da ya runtse ido ya ci gaba. In rumbun ya suɓuce ya bugi tebur, sai ya ce dama a mace aka kawo shi, kuma ba wanda zai ƙaryata shi. Maimakon haka ya kira Bashir ya ce su zo.

Da suka zauna, ya miƙa hannunsa a gabansu, ya bar su suka ga yadda yake rawa. Ko matarsa bai taɓa nuna wa haka ba.

"Na gano ciwon," ya ce, "amma ba ni iya cire shi. Akwai masu gyara a kasuwa da hannunsu ke da kyau. In kun yarda in haɗa ku da wani."

"Ba ta sake fita daga gabana, Baba," in ji Rashida. "Ko dai nan, ko in maida ta gida haka nan."

Ya dube ta. "Wace sana'a kike yi?"

"Ɗinkin hula."

"To, mai zare allura ba ta rasa hannu. Zo ki zauna nan."

Ta zauna a kujerar da ba wanda ya taɓa zama a kanta sai shi. Ya tsaya a gefe, ya ɓoye hannayensa a baya, yana faɗa tana yi. Wannan kusa, hagu za ki juya. A hankali. Ajiye ta kan ƙyalle. Sa farce ƙarƙashin baƙin abin nan, ki ɗaga kamar za ki ɓare ƙwai. Kada ki ja, bar ta ta fito da kanta. Bashir ya tsaya bakin ƙofa yana salati a ransa. Gumi na ɗiga daga haɓar Rashida, amma yatsunta ba su yi ko gezau ba. Ta ɗago rumbun, ɗan abu kamar tafin hannu, ta riƙe shi da hannu biyu.

Suka haɗa shi da kwamfutar shago. Malam Sada ya ce bidiyon za a fara ɗauka. Ya fara tafiya, ya tsaya, ya ɗan motsa, ya sake tsayawa. Ya bar shi ya koma kan hotuna, suka yi ta shigowa: Mudassir a gonar gero, Mudassir ranar suna da babbar riga. Ya sake komawa kan bidiyon, ƙarar nan ta dawo, ta yi ƙarfi, sannan ta ɗauke gaba ɗaya. Rumbun bai sake juyawa ba.

Suka kunna abin da aka samu. Ga Mudassir a tsakar gida, ya ɗaga jaririya sama yana dariya. "Sumayya, kalli nan. Kalli Abba." Ya gyara murya, ya buɗe baki zai fara waƙar, sai hoton ya ƙare.

Rashida ta rufe fuska da hijabi. Da ta samu kanta ta ce, "Ya kira sunanta. Za ta ji ya kira sunanta. Allah Ya saka da alheri, Baba."

Malam Sada ya juya kan kwamfutar shago. Ya sa aka zuba mata abin a filas, ɗan abin ajiya na kwamfuta, da wayarta da wayar Bashir, don kada ya sake zama wuri ɗaya. Bayan tafiyarsu ya daɗe zaune. Ɗanjuma ya ce da ya leƙa, ya ji yana cewa, "Da ban yi ta kunna ta ina gwaji ba, wataƙila da waƙar ta fito." Har yau ba wanda ya iya cire masa wannan tunanin, duk da cewa ba ta wata hanyar da zai gane ciwon sai ta gwajin.

A makon ya kira masu kaya ɗaya bayan ɗaya. Ya miƙa wa kowa kwamfutarsa, ya faɗa masa abin da yake zato ke damunta, da abin da kada ya yarda a yi mata. Sannan ya mayar wa wanda ya ba shi hayar shagon mabuɗinsa. Ba walima, ba jawabi. Yanzu yana gida a Ƙofar Durbi, rawar ta kama hannun hagu ma, har cin abinci sai an taimaka masa.

Malam Sada, kai ne mai haƙurin da ba a saya a kasuwa. Kai ne ka ga asirin gidajen mutane ka kawar da kai. Kai ne ka gwammace a ga rauninka a bainar jama'a da a ce marainiya ta rasa muryar ubanta ta dalilinka. Ba ka ceto duka ba, kuma mun san abin yana cin ka. Amma akwai yarinya a garin nan da za ta girma ta san yadda mahaifinta ke dariya, kuma kai ne sila. Mun gode. Allah Ya sassauta maka, Ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi.

Ku masu gyara da kuka biyo bayansa, ku koyi tambaya kafin ku kunce, ku koyi cewa "ban iya ba" tun kafin ku ɓata. Mu kuwa da muka ci moriyarsa, mu tuna cewa tsawon rayuwarsa ba mu taɓa zuwa wurinsa ba sai da matsala a hammata. Yana nan da ransa, yana zama a zaure bayan la'asar, kuma zauren ya cika yin shiru. Ku je ku gaishe shi, ba tare da kun ɗauko komai na gyara ba.