Iskar da Na Ƙara wa Tayar Ƙanena

Babur ɗina shoka huɗu gare shi a baya. Biyu da su ya zo, biyu kuma wani mai gyara a Gazawa ya walda musu mazauni ya ƙara mini, kamar yadda masu ɗaukar kaya a yankinmu suke yi. Shoka ita ce ƙarfen nan mai murɗaɗɗiyar waya da ke tsakanin tayar baya da sirdi, wadda ke lotsawa in an faɗa rami, ta shanye girgizar kafin ta iso ƙugun mutum. In ka ninka ta, babur zai ɗauki buhu uku na aya bai durƙusa ba. Ni kuma sana'ata ke nan, ina kwaso aya da wake daga ƙauyuka in kai kasuwa. Tayata kullum a hure take tam, in ka ƙwanƙwasa ta da yatsa sai ta amsa. Ina alfahari da babur ɗin nan, ba na ɓoyewa.

Na ƙanena kuwa tsoho ne, fentinsa ya koɗe, fitilarsa da waya aka ɗaure ta. Shi ne autanmu, yana ɗinki a bakin masallaci, bai taɓa ɗora wa babur ɗinsa abin da ya fi ƙullin yadi nauyi ba. In na gan shi yana tafe a hankali sai in ce ya sauka ya tura mana, zai fi sauri. Dariya kawai yake yi.

Shekarar da ciwon ƙugu ya kama Inna, likita a Agiye ya ce a riƙa kawo ta duk Litinin ana yi mata allura ana duba ta. Daga garinmu kafin ka hau kwalta akwai burji mai gargada, ga ramukan da damina ta bari. Ban tsaya shawara da kowa ba. Ni ne babba, ni ke da babur na kirki, don haka ni zan kai ta.

Amma ni ɗan fari ne. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta taɓa jikinsa a gaban mutane. Tun ina yaro in Inna za ta aike ni sai ta ce wa wani a faɗa wa wancan ya je. Na girma a haka, ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba, sai ranar da ta hau bayan babur ɗina. Maimakon ta dafa kafaɗata, ta matsa can baya ta riƙe ƙarfen kariya, inda nake ɗaure kaya, da hannu biyu. Ta bar fili tsakanina da ita wanda ƙaramin buhu zai zauna. Na ce ta matso, ta yi kamar ba ta ji ba.

Abin da ban sani ba a lokacin, ko kuma na sani ban yi tunaninsa ba, shoka huɗu sai da nauyi take lotsawa. Inna kuwa ciwo ya cinye ta, ba ta kai rabin buhu ba. Babur ɗina bai ma san an hau shi ba. Duk ramin da muka faɗa sai ya miƙa mata shi ɗungurungum, ga ta kuma zaune daidai saman taya, inda duka ya fi zafi. Ba ta ce uffan ba har muka je muka dawo. Ni kuma na shiga gari ina jin na yi abin kirki.

Litinin ta biyu na wanke babur, na zo ƙofar gida, sai na tarar da ƙanena durƙushe gaban nasa. Ya sa tsinken ashana a bakin tayar baya yana rage iska, yana matsa ta da babban yatsa yana saurare. A kan sirdi ya shimfiɗa soson tsohuwar katifa, ya ɗaure shi da robar cikin taya da ya yanka siri-siri. Ya sassauta shokarsa zuwa matakin da ya fi taushi. Na tambaye shi me ake yi haka. Bai ɗago ba, ya ce Inna ce ta ce shi zai kai ta yau, don kada in rasa kasuwa.

Ran nan babu wata kasuwa da nake zuwa, kuma duk gidan an san haka.

Ina tsaye ta fito. Ta hau, ta matsa jikinsa, ta dafa kafaɗunsa da hannu biyu, ta kira sunansa ta ce ya bi a hankali. Suka tafi, ina kallon bayan babur ɗin yana lotsawa yana tasowa a kan gargada, har suka sha kwana. Kishi ya kama ni, irin wanda ban taɓa zaton namiji mai mata da 'ya'ya zai ji ba. Da rana suka dawo tana ba shi labarin wata tsohuwa da suka haɗu a layin allura, tana dariya. Ni ta yi tafiyar nan gaba ɗaya a bayana ban ji ko tarinta ba.

Haka aka yi ta yi har wajen wata biyu. Mutanen gari suka fara yabon ƙanena. Mata a bakin rijiya suna cewa yaron nan in ya ɗauko uwarsa ko ruwa ne a ƙwarya ba zai zube ba. Wai yana tsayawa kafin kowane rami, yana bin gefen hanya inda yashi ya kwanta. Matata ma ta kawo mini labarin, da zuciya ɗaya, na daka mata tsawa a kan tuwon da babu abin da ya same shi. Ni ne mai kawo hatsin gidan nan, ni na rufe ɗakin Inna da kwano, amma ba a bakin kowa nake ba. Wani ya rage iskar taya da tsinken ashana ya zama ɗan albarka.

Da na cire shoka biyun nan da an huta. Aikin da bai fi a sha shayi a tashi ba ne. Amma cirewa na nufin na yarda tsohon babur ɗinsa ya fi nawa, kuma na yarda ni na wahalar da ita. Na ƙi.

Wata Litinin da hantsi ƙanena ya gama shirinsa, ya jingine babur a zaure, ya shiga wanka. Na zo wucewa na matsa tayar, na ji ta laushi. Famfona na ɗaure a kariyata. Na ce wa raina ai taya mai laushi haka tana iya fashewa a hanya, taimako zan yi. Ƙarya nake yi, kuma na san ƙarya nake yi. Na hura ta har ta yi tam irin tawa. Na kama shokarsa na murɗa ta zuwa matakin ƙarshe. So nake Inna ta ji babur ɗinsa ma babur ne kamar na kowa. Ban wuce nan a tunanina ba.

Sun makara ran nan, bai sake taɓa tayar ba. Daga baya ya ce tun a bakin gari ya ji babur ɗin ya canza, ya so ya tsaya, Inna ta ce ya wuce kada layi ya yi tsawo. Ga shi an yi ruwa, hanya ta ƙara lalacewa. Sai a Agiye ya duba ya gyara, amma aikin gama ya gama. Da suka dawo ɗaukar ta aka yi zuwa ɗaki. Kwana huɗu ba ta iya juyawa sai an juya ta, ina jin nishinta daga tsakar gida.

Kawunmu, ƙanen Inna, ya zo duba ta. Ya tara mu a ƙofar ɗakinta ya wanke ƙanena tas. Ya ce yarinta ce, an ba shi amana ya je yana gudu da tsohuwa a kan akwala. Ya ce daga yau babba ne zai riƙa kai ta, da ma shi ya kamata. Ƙanena ya sunkuyar da kai. Ya san wanda ke da famfo a gidan nan, amma bai ko dubi inda nake ba. Ni kuma na bar shi da laifin, abin da na daɗe ina nema ya zo hannuna.

Sai muka ji muryar Inna daga ciki. Tana kwance ta juya fuskarta ga bango.

"A bar yaron ga, ba shi da laihi," in ji ta. "Wanda ya hura tayar, na ji hannunshi tun ramin farko."

Kawu ya tambaya wa take nufi. Can ta ce, "Ku ce ma wancan ya zo ran Litinin ya kai ni, tunda abin da yake so ke nan."

Ranar Lahadi na je Gazawa aka cire mini shoka biyun. Mai gyara ya tambaye ni ko na bar ɗaukar kaya ne, na ce ya yi aikinsa kawai. Na roƙi ƙanena soson sirdinsa, ya kwance ya ba ni, har ya nuna mini iya inda yatsa zai lotsa a taya. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai Yaya. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

Na kai ta. Ban taɓa tuƙi irin na ran nan ba. Kowane rami sai na kusa tsayawa, amalanken jaki ma ya wuce mu. Babur ɗin ya yi laushi yadda ya kamata, na tabbata ko kaɗan bai buge ta ba. Duk hanya ina kasa kunne ko za ta ce wani abu, ko da faɗa ne.

A ƙofar gidan likita na tsaya, na kafa ƙafa, ta sauka a hankali. Ta gyara mayafinta. Ta dubi babur ɗin, ba ta dube ni ba.

"Sannu da aiki," in ji ta, yadda ake ce wa ɗan kabu-kabu, ta shige ciki.