Kokon da Ya Yi Rawaya

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin jinya, ranar da Rakiya ta kawo mana ɗanta Nuhu ba ta taɓa fita raina ba. Zamanin jam'iyya ɗaya ne, an kwashe rabin ma'aikata zuwa koyon rawar taryar shugabanni, aka bar ni da likita kaɗai a ɓangaren yara. Shi ba ya jin Hausa, ni ce tafinta.

Rakiya 'yar Zangonmu ce, wato unguwarmu ta Hausawa, mijinta direba ya yi arewa da kaya daga tashar jirgin ruwa. Yaron bai kai shekara ba, yana ta amai, maɗigarsa ta kumbura sumtum kamar an kifa ludayi. Gabana ya faɗi, na ce sanƙarau ne. Likita ya ɗebi ruwan bayansa, yadda ake yi don a tabbatar, ruwan ya fito garau. Babu sanƙarau, amma kai na cike da matsi. Ya ce in tambaye ta ko yaron yana shan magani.

"Wallahi, Tanti, ko ɗigo," in ji ta.

Na san abin da likita yake tsoro, ƙari a ƙwaƙwalwa.

Da azahar na tarar tana ɗura masa koko, kokon kuwa rawaya shar.

"Ke Rakiya, wane irin koko ne wannan?"

"Tufaye na fasa a ciki, saboda zawon haƙori."

Tufaye shi ne kafson nan ja da rawaya da ake tallarsa a faranti. Raina ya ɓaci.

"Ba ke kika rantse ba ya shan magani ba?"

"Ai na ɗauka jiƙo kike nufi, shi kuke mana faɗa a kai. Wannan ai naku ne na lopital, maganin asibiti!"

Da na gaya wa likita, sai ya zauna ya saki ajiyar zuciya. Ya ce maganin nan kan tara ruwa a kan jariri ya matsa ƙwaƙwalwa, a tsayar da shi a zuba ido. Aka daina ba shi, amai ya fara tsayawa. Wata safiya Rakiya ta kama hannuna ta ɗora a kan Nuhu, na ji maɗigar ta kwanta, tana bugawa a hankali. Sai da na yi ƙwalla.

Ku yaran yanzu masu aikin jinya, ku ji: Rakiya ba ta yi ƙarya ba, faɗanmu ne ya koya mata abin da za ta kira magani. Tun ranar nakan ce wa uwa, "Lissafo min duk abin da ya shiga bakinsa, har da namu."