Malam Tsaya-nan da Yarinyar Bakin Ƙofa

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, Allah Ya karɓi ran malamin adabin 'yata bayan gajeriyar rashin lafiya. Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Shugabar makaranta ce ta turo saƙon ta waya, sai da na bi shi da yatsa har ƙarshe kafin zuciyata ta yarda. Malam, da girmana na koyi karatu a ajin manya, har yau rubutu yana yi mini nauyi. Amma wannan ba zan ba wani ya rubuta mini ba.

Ɗalibanka Malam Tsaya-nan suke kiranka, domin ba ka barin yaro ya yi nisa da karanta wasan kwaikwayo. Sai ka ɗaga alli ka ce, "Tsaya nan. Su wa ke cikin ɗakin?" Ba ka yarda da haddar sharhi ba. Kakan sa a ture kujeru gefe, kowa ya tsaya inda ɗan wasansa yake tsaye, sannan ya faɗi abin da ya gani daga wurin.

Lokacin da 'yata Auta ta shiga ajinka, ba a daɗe da rasuwar yayanta a haɗarin mota ba. Yarinyar da shi kansa yake tsokana da suna Rediyo saboda surutu, ita ce ta koma amsa magana da gyaɗa kai kawai. Likita ya ce lafiyarta ƙalau. Ni dai kullum ina tsoron kada muryarta ta bi shi kabari.

Ana cikin haka na ga aikin da ka ba su. Fitowa ɗaya ce daga wani tsohon wasa mai ƙarewa da baƙin ciki. Wani shugaban mayaƙa ya dawo gida yana shaida wa matarsa cewa ɗansu ya mutu, domin shi da kansa ya sa shi a sahun gaba don kada a ce ya fifita nasa. Ina gama fahimtar labarin na saka takalmi na nufi makaranta. Na same ka a ofishin malamai, takardu jibge a gabanka, shayinka ya huce. Ko zama ban yi ba na ce, "Malam, yarinyar nan ciwonta bai warke ba, kai kuma za ka fama mata shi?"

Ka tashi ka ba ni kujerarka. Ka ce, "Maman Auta, idan kin ce a cire ta, yau zan sauya mata aiki. Amma ki sani, akwai ƙanwar mamacin a fitowar, tana tsaye a bakin ƙofa riƙe da ruwa, ba ta da magana ko ɗaya. Duk ajin ba wanda ya so ta. Auta ce ta ɗaga hannu." Sannan ka roƙe ni in karanta maganar uwar tare da ita a gida. Na ce, "Ni? Ai kafin in gama layi ɗaya rana ta faɗi." Ka yi dariya ka ce, "Uwar da ke cikin wasan ma ba sauri take yi ba. 'Yan ajina ne ke karanta mutuwa kamar masu cigiyar akuya."

Da yamma muka yi kamar yadda ka ce. Na zauna a gefen gado da littafin, Auta ta cika kofi da ruwa ta tsaya a bakin ƙofa. Ina karantawa ina tuntuɓe, ga hawaye yana hana ni ganin baƙaƙen. Ban kai ƙarshen shafi ba na ji ta ce, "Umma, tsaya." Na ɗaga kai. Ta ce, "Tun ɗazu take tsaye. Kowa uwar yake kallo. Ita ma fa yayanta ne." Na ajiye littafin na ce ta zo. Ranar ta ba ni labarin nata yayan har muka manta da girki a wuta, abubuwan da ni da na haife shi ban sani ba.

Ba ka taɓa tambayar ta abin da ya faru a gida ba, kuma ba ka sassauta mata don tausayi ba. Da ta kawo sharhinta sai ka bi shi da jan biro kamar na kowa. Ta dawo tana mita tun daga ƙofar gida: "Umma, wai ban kawo hujja daga cikin wasan ba! Mutumin nan ba ya ƙoshi." Ban taɓa jin mita mai daɗi irin wannan ba. Ta zauna ta sake rubutawa, ta sami makinta da guminta.

Da labarin rasuwarka ya iso, tsorona na dā ya dawo gaba ɗaya. Na daɗe riƙe da wayar ina tunanin yadda zan gaya mata, ina cewa yau za ta sake rufe bakinta. Da na faɗa mata, ta fashe da kuka mai ƙarfi har maƙwabta suka leƙo, tana kiran sunanka, tana faɗin abubuwan da ka koya musu. Na rungume ta ina kuka, ina kuma gode wa Allah da nake jin muryarta.

Ya Allah Ka gafarta wa bawanKa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa abin da ya yi wa 'ya'yan mutane ya zama haske a gare shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarsa, da matarsa, da ƙannensa, da malaman da ya zauna da su, da ɗaliban da ya bari a tsakiyar zango. 'Ya'yansa kuma, Allah Ya haɗa su da wanda zai lura da su kamar yadda mahaifinsu ya lura da tawa. Amin.