Tankaɗen Hoton Baba

Ranar wata Alhamis ce, bayan an gama ɗaukar gero, a shekarar da na fara azumi, Baba ya zauna a kan turmi a tsakar gidanmu da ke gindin duwatsun Dutse domin a ɗauke shi hoto. Washegari zai bi ayarin masu tafiya Makka a ƙasa, tafiyar da ake yin shekaru ba a dawo ba. Shi ba ya son hoto sam. Sai da Inna ta yi ta roƙo kafin ya ce, "Sau ɗaya, ba ƙari." Ƙanensa, Baffa Sale, ya cusa kai cikin baƙin ƙyalle a bayan akwatinsa mai ƙafa uku, mu yara muka yi tsit, har akuyar gidan ta daina tuƙa.

Baffa ya koyo aikin ne a Kano, inda ya zauna wajen wani mai hoto. Ɗauka ba ta ba shi wahala, wankin ne ya gagare shi. A lokacin a jikin gilashi hoto ke kamawa, sai a tsoma shi cikin ruwan magani a ɗaki mai duhu. Duk wanda ya wanke, rabi ya yi baƙi ƙirin, rabi ya koɗe. Wanzamin unguwarmu da ido ɗaya ya fito, aka yi ta tsokanarsa har sallah. Baffa ya ɗora wa ruwan rijiya laifi, ya koma tarar ruwan sama. Ya ce haske ke shiga, ya liƙe kowace kafa ta ɗakin da laka. Ya ce maganin ya kwana biyu, ya taka har Ringim ya hau jirgin ƙasa ya sayo sabo. Duk a banza. Inna kan ce, "Hoton Sale sai ka haɗa da tambaya kafin ka gane mai shi."

Ranar Alhamis ɗin bayan azahar Baffa ya kasa shiga ɗakin wankin, ya tsuguna a bakin ƙofa da gilashin Baba a rufe cikin akwati. Ni kuwa ina gefe ina tankaɗen garin tuwo, aikin da na tsana fiye da ɗebo ruwa da tsinto dabino. Can na ji ya ce, "Hauwa, sake yi in gani." Ashe hannuna yake kallo. Ya ce maigidansa na Kano kullum yana jujjuya tasar maganin da hannu, idonsa a kan agogo, shi kuwa ya ɗauka rashin natsuwa ne kawai irin na mutanen birni. Da ya dawo gida ba shi da agogo, sai ya riƙa auna lokaci da carbi, ya ajiye tasar a daɓen ɗaki har ya gama ja. Daɓen kuwa a karkace yake, maganin ya taru gefe guda ya kwanta. Ya ce in ya haɗa jan carbi da jujjuyawa lissafi zai kuɓuce masa, don haka tare za mu shiga.

Ban taɓa shiga duhu irin wannan da rana tsaka ba. Fitila ɗaya ce mai jan ƙwai, ga wari mai hawa kai. Baffa ya zura gilashin cikin tasa, ya ce, "Yi kamar tankaɗe, amma a hankali, kada ki tsaya ko me kika gani." Ya fara jan carbi, ni ina karkata tasar, ruwa na zuwa yana dawowa. Da farko ba komai. Sai wata inuwa ta taso daga cikin gilashin, rawani ya bayyana baƙi, fuska kuma fara fat, domin a juye hoto ke fara fitowa. Baba yana waje ina jin muryarsa yana sallama da maƙwabta, ga shi kuma yana tasowa a tafin hannuna. Tsoro ya kama ni ƙwarai, amma ban tsaya ba. Da Baffa ya ɗauraye shi ya tsoma a magani na biyu, ya ɗaga shi kusa da fitila, sai na ji yana hamdala ƙasa-ƙasa. Ido biyu, kunne biyu, ko'ina daidai.

Sai bayan ayari ya tashi aka buga shi a takarda, don haka Baba bai taɓa ganinsa ba. Bai kuma dawo ba. Wani ɗan ayarin ne ya kawo labarin cewa zazzaɓi ya kwantar da shi a hanyar gabas, a can aka yi masa sutura.

Yanzu jikokina kan shiga shagon mai hoto su fito da goma a hannu kafin shayi ya huce, wanda bai yi musu ba su yaga. Ba na ganin laifinsu. Ƙanena Audu, wanda Baba ya tafi Inna na da cikinsa, yau furfura ta cika masa kai, amma in ya zo gaishe ni yakan ce, "Yaya, ɗauko mini shi." Bai san wata fuskar mahaifinsa ba sai wadda na tankaɗe.